Littattafan Kawu a Bahon Wanka

Ranar Laraba da hantsi Mai shi ya karɓi abinsa. Kawu, wan mahaifiyata, ya cika a wani asibiti da ke kudancin Landan bayan jinyar mako biyu, aka yi masa sallah ranar Juma'a a babban masallacin nan na gefen Regent's Park. Na Allah ne mu, kuma ɗaya bayan ɗaya za a kira mu mu koma. Wannan ba ni da ja a kansa. Abin da nake da ja a kai shi ne abin da aka yi wa sunan bawan Allahn nan tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kuma danginsa ne suka yi, ba bare ba.

A gidan Yaya, babban ɗansa, aka yi zaman makoki. Mutane sun zo fiye da yadda muka zata. Tsofaffin 'yan Ghana da suke sahu ɗaya da shi a masallacin unguwarsu a Croydon sun zo a ƙungiya. Ɗayansu yana share hawaye da hularsa yana cewa, "Matana ya kwanta asibiti, Alhaji ne ya tura shi har ɗakin operation, yana ba shi magana har tsoro ya fita." Wata Baturiya maƙwabciyarsa ta zo da furanni, ta rasa wanda za ta miƙa wa, har na karɓa na tsoma su a kofin ruwa. Danginmu masu gidaje a Marylebone su ma sun zo, suka ɗosana a bakin kujera, ido yana kan agogo.

Tun ranar Juma'ar na lura da wani abu a ɓangaren mata. In wata ta ce Allah ya jiƙansa, sai wata ta ƙara da Allah ya yafe masa abin da aka sani da wanda ba a sani ba, a ja ƙarshen maganar, a haɗa ido. Addu'a ce mai kyau, amma na san muryar mutanenmu. Ranar Asabar ina kicin ina kwashe shinkafa na ji sauran. Wata da ko sau ɗaya ba ta taɓa hawa matakalar gidan Kawu ba tana gaya wa ta kusa da ita ƙasa-ƙasa wai an ga abubuwa a ɗakinsa. Wai littattafai ne jibgi, cike da hatimai da wani rubutu mai lanƙwasa kamar tsutsa, ba boko ba, ba ajami ba. Wai kuma a bangon kowanne akwai sunan jikansa ɗaya da sunan uwar jikan.

"Kin dai san inda ake tambayar sunan uwa," in ji ta.

"Dama shirun nan nasa," in ji ɗayar.

Kafin la'asar maganar ta isa Kano. Mahaifiyata, wadda ba ta sami biza ta zo ta ga gawar wanta ba, ta bugo mini tana kuka, tana tambayata ko gaskiya ne Yayanta tsibbu yake yi wa jikokinsa. Na san littattafan nan. Na sha zama a gabansu da kwanon tuwo a cinya. To ga abin da ke cikinsu, ga kuma mutumin da ya rubuta su, don duk wadda ta ji na kicin ta ji wannan ma.

Karatun harsuna ne ya kawo Kawu ƙasar nan tun kafin a haife ni. Karatun bai ƙarasu ba. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo, ya kama aikin porter a asibiti, wato masu tura marasa lafiya a keke ko a gado daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ya ce na wata shida ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana turawa. Dangi sun ji kunyar aikin nan, shi bai ji ba. Ƙaninsa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ɗan kasuwa mai gida a Abuja da wani a Marylebone, ya taɓa gabatar da shi ga baƙi a wani taron suna, ya ce wannan yayansa ne, yana aikin likita. Kawu ya miƙa hannu yana murmushi ya ce, "A'a, likita yanka yake yi, ni kai masa nake yi." Aka yi dariya. Kawu Ƙarami bai yi ba, kuma ban jin ya taɓa hucewa.

A asibitin nan akwai wani teburi a lungun ɗakin cin abinci da Kawu yake kira jami'armu. Mutum uku ne suke zama a kai lokacin shan shayi: shi, da wani abokin aikinsa ɗan Sri Lanka mai harshen Sinhala, da wata nas 'yar ƙabilar Maori daga New Zealand. Abin ya faro ne daga keke. Kawu ya ce bari ya je ya ɗauko keke, da Hausa ya faɗa don ya gaji, sai nas ɗin ta fashe da dariya. Ta ce a harshensu keke shi ne kek na ci, in kuma ka ja wasulan biyu ka ce kēkē, to hammata kake nufi. Ɗan Sri Lankan ya ce su ma haka suke: mama a gajarce shi ne “ni”, in ka ja ka ce māmā, kawu ne, wan uwa ko ƙaninta. Kawu ya ce ranar bai iya gama shayinsa ba. Tun da ya bar makaranta bai sake jin wani ya damu da tsawon wasali ba, sai ga mutum biyu daga ƙarshen duniya biyu a teburi ɗaya. Washegari ya sayi littafin rubutu da rula.

Kowane shafi gida uku yake raba shi da jan biro: Sinhala a hagu, Maori a tsakiya, Hausa a dama. Waɗannan gidajen su ne hatiman da aka gani. Rubutun tsutsar kuwa haruffan Sinhala ne, waɗanda abokin nasa ya koya masa ɗaya bayan ɗaya a bayan takardun asibiti. Kawu ya ce an gaya masa sun yi zagaye ne saboda a kan ganyen wani irin giginya ake rubuta su a da, miƙaƙƙen layi kuwa yaga ganyen yake yi. Da alƙalami mai shan tawada yake cike gidajen, shuɗiyar tawada, don ya ce biro ba ta bin lanƙwasar yadda ya kamata.

Ni sunan mahaifiyarsa na ci, saboda haka Mamana yake ce mini. Da ya gaya mini ma'anar māmā sai na koma kiransa da shi, muka zama mama biyu a ɗaki ɗaya. Ya ce in ina so in cika ladabi in haɗa da na Maori, don su matua kēkē suke ce wa kawu. “Kin ga ko a can sun san da keke nake ci.”

Kada wani ya ɗauka Kawu irin mutanen nan ne da suke jin kalma biyu sun yi kama su ce harsuna dangi ne. Wani baƙo ya taɓa gwada haka a gabansa. Ya ji cewa kiri madara ce a Sinhala, fata ce a Maori, sai ya ce ai shi ke nan, tsibiri da tsibiri, asalinsu ɗaya. Kawu ya sha mur. Ya ce mu ma muna da 'yan kiri a kasuwa, su madara ne ko fata? Ya ce dangin Sinhala suna arewacin Indiya, dangin Maori suna warwatse a tsibiran babban teku, ba abin da ya haɗa su sai teburin shayi. Shi ba jini yake gwadawa ba, hali yake gwadawa. Maori baƙaƙe kaɗan gare shi, kowace gaɓa da wasali take ƙarewa, ya ari haruffan Turawa ya ɗora ɗan layi a kan dogon wasali. Sinhala kuwa haruffansa nasa ne, ga su da yawa, kuma yadda ake rubuta shi daban da yadda ake maganarsa. Mutumin Maori da kalmar aiki yake buɗe magana. Ɗan Sinhala sai ya gama jera kowa da komai sannan ya faɗi aikin a ƙarshe, shi ya sa, in ji Kawu, ba a katse shi, don ba ka sani ba ko ba ka zai yi ko karɓa zai yi. Mu kuma muna tsakiya, kuma mu kaɗai ne a cikin ukun muke rubuta gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya, mu bar mai karatu ya yi ta kansa. Wannan yana ba shi haushi sosai.

Maganar da ya fi maimaitawa ita ce, kowane harshe yana da tambayar da ba ya barin ka wuce ba ka amsa ba. Hausa tambayarta namiji ko mace, kai ko ke, sai dai in a bakin abokansa 'yan Ghana ne da suka yafe wa kansu. Sinhala tambayarsa da gangan ko ba da gangan ba. In ka fasa abu da niyya wata kalma ce, kusan kaduwa ake faɗinta, in kuma fashewa ya yi a hannunka ba ka nufa ba, sai a ce kusan kaduna. Kawu ya ji daɗin wannan ƙwarai. Ko kofi na yar a ɗakinsa sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, “Mamana, kaduwa ko kaduna?” Maori kuma tambayarsa da ni ko ban da ni. Suna da “mu” iri biyu: tātou, mu har da kai da nake wa magana, da mātou, mu ban da kai. Sinhala api kawai gare shi, kamar yadda mu “mu” kawai gare mu. Kawu ya ce shi ya sa Bahaushe da ɗan Sinhala suke iya cewa “mun yanke shawara” a gabanka, ka tafi gida ba ka sani ba ko kana ciki.

Na taɓa ɓata masa rai, ba zan ɓoye nawa ba. Wata Lahadi na kai masa tuwo da miyar kuɓewa, na same shi ya baje littattafai har kan kujerar da zan zauna, ni kuma na gaji da hanya. Na ce, Kawu, wai duk wannan wahalar me za ta amfana wa wani? Ya tattara su ya mayar kan kanta, muka ci tuwo shiru. Lahadi biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice. A ta uku ya ba ni labarin wata tsohuwa 'yar Sri Lanka da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata Turancinta gaba ɗaya, ta bar ta da harshen uwa. An ce ya kai ta ɗaukar hoton kai, tana ta fizge-fizge a kan gado, ba mai fahimtarta. Ya sunkuya ya ce mata baya wenna epa, kada ki ji tsoro. Ya ce tsohuwar ta buɗe ido ta ga baƙin mutum dogo yana yi mata yarensu, ta kama hannunsa, ba ta sake shi ba har aka gama. Bai ƙara komai a kan labarin ba. Ni ma ban sake yin tambayar ba.

Sunayen da ke bangon littattafan kuwa, ga dalilinsu. Nas ɗin nan ta gaya masa cewa an doki mahaifiyarta a makaranta saboda ta yi Maori, don haka ta rantse ba za ta koya wa 'ya'yanta ba. Ita nas ɗin sai da ta girma ta koma gaban kakarta ta roƙa kalma-kalma. Ɗan Sri Lankan kuma ya ce shi ba wanda ya doke shi, harshensa yana da ƙasa da jaridu da haruffansa, amma 'ya'yansa a nan in ya yi musu Sinhala da Turanci suke amsawa. Kawu ya dawo gida ya dubi nasa falon ya ga haka. Ya ce mini, “Ba a ƙasa harshe yake mutuwa ba, Mamana, a falo yake mutuwa, ranar da uba ya yi tambaya da nasa, ɗa ya amsa da na wani, uban ya ce ba komai.” Ya ce jikokinsa sun ɗauka Hausa harshen kicin ne da faɗa. In wata rana suka gan ta a tsaye kafaɗa da kafaɗa da harsuna biyu na nesa, tana yin abin da suke yi, wani wajen ma tana fin su, wataƙila su dube ta da mutunci. Saboda haka duk littafin da ya cika sai ya rubuta sunan jika ɗaya a bango. Biyu daga cikin jikokin nan sunan marigayiya matarsa suka ci, suna ɗaya, sai ya bambanta su da sunan iyayensu mata, wance 'yar wance. Kawu kuwa mutum ne mai son tsari, da ya yi wa biyu sai ya bi sauran duka ya yi musu. Iyakar asirin ke nan.

Yaya bai san wannan ba, don bai taɓa zama ya sani ba. A tsaye yake gaida mahaifinsa, makullin mota a hannu. Sau nawa Kawu yana cewa, zauna in nuna maka wani abu, shi kuma ya ce, “Baba, in na sami lokaci.” Ni da Yaya taubasai ne, wasa ne tsakaninmu tun muna yara, kuma na sha tsokanarsa a kan wannan. Ban san abin zai kai inda ya kai ba.

Ranar Lahadi da safe, kwana huɗu da rasuwar, na hau jirgin tram na nufi gidan Kawu da makullin da ya ba ni. Niyyata in kwaso littattafan in kai gidan makoki in baje su a gaban kowa. Tun daga bakin ƙofa warin bilic na wanki ya tare ni. Kantar wayam, sai shatin inda suka zauna shekara da shekaru. Na tura ƙofar banɗaki. Bahon wanka ya kai rabi da ruwa, ruwan ya yi shuɗi kamar an zuba bula, littattafan Kawu suna ciki sun kumbura. Na zura hannu biyu na ɗago ɗaya, ya rabe a hannuna kamar jiƙaƙƙen burodi. Tawadar ta tafi duka. Layukan jan biron ne kawai suka tsaya, gida uku-uku, shafi bayan shafi, babu komai a ciki. Na zauna a bakin bahon na yi kukan da ban yi a asibiti ba, kuma kukan baƙin ciki ne, ba na rashi ba.

Daga nan na kira Yaya. Ya ce ranar Alhamis sun je neman takardun Baba shi da Baffa, wato Kawu Ƙarami, suka gansu. Baffa ya buɗe ɗaya ya ga sunan 'yar Yaya, wadda ta daɗe tana fama da ciwon ƙirji, ya ce masa, ka ga dalili.

“Mun yi shawara ne,” in ji Yaya. “Kuma council masu gidan sun ba mu two weeks mu yi clearing flat ɗin. Ƙonawa aka so yi, alarm ɗin hayaƙi ne matsala.”

Na ce, “Wane mu?”

Ya ce family. Na tambaye shi ni da nake kai wa mahaifinsa tuwo duk Lahadi a wane layi nake. Na tambaye shi ko a cikin su biyun akwai wanda ya ɗauki hoton shafi ɗaya da wayar da ke aljihunsa ya tambayi wani. Mutanen da ko maganin ciwon kai ba sa sha sai sun duba a waya! Ya ce in yi haƙuri, sun riga sun lalace. Sun lalace, haka ya ce, kamar madarar da aka manta a waje.

Tsoron uba a kan 'yarsa na gane shi, kuma shi kaɗai ne ya hana ni faɗa wa Yaya abin da ba zai goge ba. Amma Kawu Ƙarami fa? Ciki ɗaya suka fito. Ya san wansa bai taɓa barin sallah ta wuce shi ba ko a bakin aiki. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya yarda wansa matsubbaci ne, da ya yarda mai tura gado yana da wani ilimi da shi ba shi da shi.

Abin da ba su sani ba, akwai saura ɗaya. Ni ce a wajen Kawu lokacin da ya cika, ni aka miƙa wa ledar kayansa: tabarau, carbi, silifas, da littafin da yake kan rubutawa. Na ga sunan da ke bangonsa, na ja bakina na yi shiru. Nas ɗin ta daɗe da komawa ƙasarsu, amma lambar abokinsa ɗan Sri Lanka tana cikin wayar Kawu. Na kira shi na ce ranar addu'ar bakwai ina son ya zo.

Ya zo bayan azahar, tsoho tukuf da sanda, sanye da fararen kaya kamar yadda suke yi in an yi mutuwa. Ya cire takalmi tun ba a ce masa ba. Na wuce da shi falon maza, inda ba a saba ganina ba, na bar ƙofa a buɗe don na kicin su ji. Na durƙusa gaban Kawu Ƙarami na buɗe littafin a tsakiya na ce, “Kawu, irin wannan ne kuka gani?” Ya ja da baya yana neman tsari, ya ce shi ne, daga ina na samo shi. Sai na miƙa wa tsohon.

Ya sa tabarau ya fara karantawa, yana faɗin ma'ana da Turanci, ni ina mayarwa da Hausa da ƙarfi, ko da yake Hausar tana nan a gida na uku ga duk mai ido. Watura a Sinhala, wai a Maori, ruwa a namu. Hemin hemin, āta haere, sannu a hankali. Ridenawada, akwai zafi? Baya wenna epa, kaua e mataku, kada ki ji tsoro. Dattijon nan ɗan Ghana ya ɗaga kai ya ce wallahi abin da Alhaji ya yi ta faɗa wa matarsa ke nan. Tsohon ya tsaya a wani layi ya yi 'yar dariya, ya ce shekara talatin yana gyara wa abokinsa wannan harafin, har ya mutu yana juya masa wutsiya. Dariyar ta koma kuka, aka jira shi.

Da ya share ido sai ya tambayi ina sauran. Ya ce duk ya bi su shafi-shafi ya duba, yana so ya sake ganin na farkon, mai keke. Can Yaya ya ce da Turanci, ba tare da ya ɗago ba, sun lalace. Tsohon ya dube shi ta saman tabarau, kamar yadda Kawu yake yi, ya ce a hankali, “Kaduwa, kaduna?”

Yaya ya juyo gare ni, don bai gane ba. Na ce, “Tambayarka yake, kai ka lalata su, ko lalacewa suka yi.”

Yaya ya dubi tsohon. Sannan ya ce da Hausa, Hausar da ban taɓa jin ya yi ta miƙe haka ba, “Ni na zuba su a ruwa. Da hannuna.”

Kawu Ƙarami ya gyara zaman babbar rigarsa ya yi gyaran murya. Ya ce to, ɗan Adam ajizi ne, mu duka mun yi kuskure, sai mu yafi juna a rufe maganar. Ban taɓa mayar wa babba magana a gaban mutane ba, ranar na yi. Na ce, “Ban da ni, Kawu. Ban da wannan tsohon. Kuma maganar ba za ta rufu ba sai ta koma Kano ta hanyar da ta bi ta je.” Har yau bai bugo wa mahaifiyata ba. Ni na kira ta.

Na karɓi littafin na rufe shi, na ajiye a cinyar Yaya, bango a sama. Sunansa ne a kai, da sunan mahaifiyarsa, kamar sauran. Sunayen jikoki sun ƙare, Kawu ya dawo kan ɗansa. A ƙarƙashin sunan ya ƙara layi ɗaya da shuɗiyar tawada: In ka sami lokaci. Yaya ya buɗe shafin ƙarshe da aka rubuta, rubutun ya karkace don a gadon asibiti aka yi shi. Api, tātou, sannan a gida na uku: mu, har da kai. Ya bi kalmomin da yatsa yana haɗa su a hankali kamar ɗan aji ɗaya. Sai ya kifa fuskarsa a kan littafin, na yi sauri na zare shi, don tawadar ba ta son ruwa.

Littafi ɗaya ke nan ya rage a cikin aikin shekara talatin. Yana wajen Yaya. 'Yarsa da sauran jikokin ba za su taɓa ganin nasu ba, kuma ba bare ne ya hana su ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa ranar da za a tura shi zuwa hisabi a sunkuyo a gaya masa kada ya ji tsoro, da harshen da ya fi so. Allah ya gafarta mana. Na daɗe ina duban wannan “mana” da na rubuta, ko har da su, ko ban da su. Na san wanda Kawu zai zaɓa, ya ma rubuta shi da hannunsa. Ni dai har yanzu ban kai can ba.